Kwasa-kwasan GST na buƙatar jigo

Duk wanda ya yi digirin farko a jami'ar Najeriya ya ratsa ta cikinsu, ko ya so ko bai so ba. A wasu jami'o'in GST ake ce musu, a wasu GNS, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya GENS, a Jami'ar Bayero ta Kano kuma GSP. Su ne kwasa-kwasan gama-gari da ake ɗora wa kowane ɗalibi, mai karatun likita ne ko lauya ko injiniya ko mai nazarin Larabci: Turancin sadarwa, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da manɗiƙi (ilimin auna hujja), zaman lafiya da sasanta rikici, sai kuma dabarun kafa sana'a. Ka tare wanda ya gama karatu shekara biyu da suka wuce, ka tambaye shi abin da ya rage masa a ka daga cikinsu. In ya yi ƙoƙari ya tuna makin da ya ci, ko ya ba ka labarin abokinsa da kariyoba a ɗayansu ta hana shi tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu. Abin da aka koyar kuwa, tuni ya bi ruwa.

Ni ina cikin masu ganin waɗannan kwasa-kwasai sun cancanci zama a manhaja. Nakan ma ce wasunsu sun fi wasu kwasa-kwasan cikin sashe amfani ga mutum bayan ya bar makaranta. Abin da ya kashe musu armashi shi ne yadda aka warwatsa su. Kowanne zaman kansa yake yi, bai san da ɗan'uwansa ba. Malamin falsafa bai taɓa zama da malamin sasanta rikici ba, na sana'a kuma bai san abin da aka faɗa a ajin al'adu ba. An yanko wa ɗalibi ƙyalle shida daga turmi shida daban-daban, an ce ya je ya ɗinka riga. Shawarata ita ce jami'o'inmu su ɗaure wannan ɓangare na karatu a kan jigo. Ɗalibi ya zaɓi babbar tambaya guda ɗaya, kamar ta ruwa da ƙasa, ko ta lafiya da yardar jama'a, ya bi ta tun daga aji biyu har ya fita, yana duba ta da idon fannoni uku ko huɗu waɗanda ba nasa ba.

Tsarin nan aro ne. Kwalejin jami'a da aka buɗe a Ibadan a 1948 tafarkin Ingila ta bi, a ƙarƙashin Jami'ar Landan: ka shigo, ka karanta fanninka, ka zurfafa, ka fita. Amurkawa ne ke da al'adar a ɗan zagaya da mutum kafin ya zama gwani a abu ɗaya. Jami'ar Columbia da ke New York ta kafa kwas na dole a kan wayewar zamani a 1919, ana fitowa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1945, shekarar da yaƙi na biyu ya ƙare, Jami'ar Harvard ta fitar da wani rahoto da ya yi tashe a kan irin ilimin gama-garin da al'umma mai 'yanci take buƙata. Jami'ar Najeriya ta Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ce ta shigo mana da shi. Daga baya dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ikon shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa. Ta fitar da ma'auninta na farko a 1989, ta sabunta a 2007, sannan a Disambar 2022 ta ƙaddamar da wanda ake aiki da shi yanzu, CCMAS. A duk wannan tafiya kwasa-kwasan gama-gari suna nan a jiki.

Mu ma mun fi waɗanda muka ara daga gare su buƙatar abin. Yaro ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar, yana shiga aji huɗu na sakandare ake raba masa hanya: ko ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci. Sau da yawa ba shi ya zaɓa ba, makinsa na lissafi ne ya zaɓa masa, ko burin iyaye na ganin likita a gida. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, ɗaya Turanci, sauran ukun duk a layin fannin da ya nema. Saboda haka mai karatun harhaɗa magunguna kan shigo jami'a bai taɓa rubuta shafi biyu a kan wani lamari na tarihi ba, mai karatun shari'a kuma ya yi bankwana da kimiyya tun kafin gemu ya tsiro masa. GST ce ƙofa ta ƙarshe da za su leƙa ɗakin juna.

To, ga yadda ake buɗe ƙofar a wuraren da na gani. Ɗakin lakca da aka gina don 'yan ɗaruruwa an zuba masa ninkin-ba-ninkin, wasu a kan matakala, wasu a tsaye ta taga da littafi a tafin hannu. Malami na can ƙasa riƙe da makirfo, in aka ɗauke wuta sai 'yan layin gaba kaɗai ke jin sa. Takardar sa hannu tana yawo daga benci zuwa benci, mutum ɗaya ya rubuta sunan abokansa biyar. Kafin mako na huɗu ɗakin ya yi fili, domin kowa ya gane inda maganin yake: wajen mai hoton takardu na bakin ƙofa, ko a zauren WhatsApp na aji, inda tambayoyin shekarun baya ke jira da amsoshinsu. Ranar jarrabawa a zauna gaban kwamfuta a yi ta danna A, B, C, D, cikin ƙanƙanin lokaci an tashi. Ta wannan hanya mutum kan ci kwas ɗin Turancin sadarwa da maki mai kyau alhali bai rubuta sakin layi ko ɗaya da wani ya karanta ya gyara masa ba. Ba na ganin laifin malamin. Galibi ƙari ne aka ɗora masa a kan kayan sashensa, kuma babu ɗan Adam da zai duba rubutun mutum dubu biyu shi kaɗai ya kai sakamako a kan lokaci.

Amurkawan da suka ƙirƙiro tsarin su ma sun daɗe suna kuka da nasu, duk da cewa ciwon nasu daban ne. Yawancin jami'o'insu jerin kwasa-kwasai suke miƙa wa ɗalibi, ɗaruruwa, a ce ya ɗauki ɗaya ko biyu daga kowane rukuni. Sai yaro ya zaɓi wanda ba a yin sa da sassafe, da wanda aka ce malaminsa na da sakin hannu wajen maki. A ƙarshe inda muka tsaya nan suka tsaya, gutsuttsura marasa alaƙa. Wasu jami'o'in sai suka nemi mafita ta hanyar jigo.

Jami'ar Rochester da ke jihar New York ta kasa ilimi gida uku: adabi da fasaha, zamantakewa, sai kimiyya da injiniyanci. Ɗalibi na yin babban fanninsa a gida ɗaya, sannan a ƙa'idar da ta shafi yawancinsu zai ɗauki curin kwasa-kwasai uku masu alaƙa da juna a kowane ɗaya daga sauran gidaje biyun. Abin da aka wajabta wa kowa bai ɗaya shi ne kwas ɗin rubutu. Jami'ar Portland State a jihar Oregon ta sake tsarinta a 1994: ɗan aji ɗaya na shafe shekara guda a kan jigo ɗaya, a tsakiya ya bi curi, a shekarar ƙarshe kuma a haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban su yi wa wata ƙungiya ko unguwa ta cikin gari aiki na gaske. Wadda ta fi jan hankalina ita ce Purdue ta jihar Indiana, don ita jami'ar injiniyoyi ce da masana noma, ba wurin da za a zaci ana damuwa da adabi ba ne. A 2017 ta ɓullo da wani shiri mai suna Cornerstone, kwas biyar. Biyun farko karatun manyan littattafai ne da rubutu da magana a gaban jama'a, ukun da suka rage kuma a kan jigon da ɗalibi ya zaɓa, kamar lafiya da magani, ko muhalli, ko sasanta rikici da adalci. Wanda ya kammala ana ba shi shaida tare da digirinsa. A Asiya ma, lokacin da Hong Kong ta mayar da digiri daga shekara uku zuwa huɗu a 2012, Jami'ar Hong Kong ta ware kwas shida na gama-gari da ta rarraba a kan manyan fagage huɗu, ɗaya daga ciki a kan ƙasar Sin kanta.

Ba ina cewa mu kwaso ɗaya daga cikin waɗannan mu dasa yadda yake ba. Kuɗinsu da yawan malamansu ba namu ba ne. Abin ɗauka a ciki shi ne mutum ya fi riƙe abin da ya dawo masa sau uku ta hanyoyi uku a kan abubuwa uku da kowanne ya gifta sau ɗaya.

Bari in ɗauki jigo ɗaya in baje shi, don kada maganar ta tsaya a sama. A ce jami'a a Kano ko Dutse ko Gashuwa ko Maiduguri ta buɗe jigon ruwa da ƙasa. A kwas na farko, malamin labarin ƙasa da injiniyan ruwa su ɗauki kogi ɗaya su bi shi da ɗalibai daga tushe. Ga madatsar Tiga da aka gama a 1974, ga ta Challawa a 1992. Ga noman ranin da ya raya Kadawa da Kura, shinkafa da alkama da tumatir. Sai a gangara ƙasa, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, har kogin ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa ya faɗa Tafkin Chadi. A nan ɗalibi zai ga cewa ambaliyar shekara-shekara da masu noman fadama da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta sauya bayan gina madatsun, kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Yarinyar da ke karatun akanta za ta fita daga wannan aji da sanin cewa buɗe ƙofar ruwa a Tiga ko rufe ta na iya yanke hukuncin abin da masunci zai kai gida a Nguru.

Kwas na biyu na masana tarihi da shari'a ne: ƙasar ta wace ce, ruwan na wane ne? Burtali da mashaya da wuraren kiwo, yadda aka shata su da yadda gonaki da gine-gine suka cinye su. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Hukumar Tafkin Chadi da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964. A nan ne darasin sasanta rikici zai samu nama a jikinsa. Maimakon haddace ma'anar rikici da ire-irensa, a ɗauki ɓarna guda da shanu suka yi a gona, a bi ta daga gaban mai unguwa da arɗo, zuwa ofishin 'yan sanda, zuwa gaban alƙali, a ga a wane mataki ake samun sulhu, a wane mataki kuma ƙaramar magana ke zama babba.

Na uku shi ne inda falsafa da manɗiƙi za su yi aikinsu. Kowa ya ji ana cewa Tafkin Chadi ya ƙafe. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Amma masana na muhawara a kan nawa ne rabon fari, nawa ne na ɗiban ruwan noma, ko tafkin na ci gaba da raguwa ko ya ɗan farfaɗo, da kuma ko ƙafewar ce ta haifar da tashin hankalin yankin ko kuwa tare kawai suka faru. Wannan ya fi kowane misalin littafi koya wa mutum bambancin hujja da zato. Ga kuma tambayar adalci: na sama da na ƙasa, wa ya fi haƙƙi a ruwan kogi? Malamanmu na fiƙihu suna da magana a nan tun da daɗewa, cewa na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. A ajiye wannan kusa da dokokin zamani na raba ruwa tsakanin jihohi da ƙasashe, a bar ɗalibai su yi ta kai-komo. Ina tabbatar maka ajin ba zai yi fili a mako na huɗu ba.

Kwas ɗin sana'a kuma, wanda yanzu a wurare da yawa ya tsaya a haɗa sabulun ruwa da rubuta tsarin kasuwancin da ba wanda zai buɗe, sai ya zama rufin ginin. A haɗa mutum biyar ko shida daga tsangayoyi daban-daban, a tura su ƙauye ko unguwa ɗaya da tambaya ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, nawa mai noman rani ke kashewa a injin ban-ruwa a kaka guda, kuma a shekara nawa famfo mai aiki da hasken rana zai mayar da kuɗinsa? Ko su bi 'yan ga-ruwa na unguwa guda su gano yadda farashin jarka ke tashi daga bakin rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gida. Su rubuta rahoto da Turanci, su kuma rubuta shafi guda da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde su kai wa mutanen da suka ba su lokacinsu. Wannan shafi ɗaya, ina zato, zai fi ba su wahala a kan rahoton gaba ɗaya.

Mai ganin wannan duk nishaɗin malamai ne ya tuna Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. Ruwan ya shiga asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari, ya ci gidan namun daji. Tambayoyin da suka biyo baya na injiniya ne, na mai binciken kuɗi ne, na lauya, na likita, na ɗan jarida, duk a lokaci guda. Masu digirin da ke zaune a waɗannan kujeru kowannensu ya san nasa ɓangaren, amma kaɗan ne aka taɓa koya wa yadda zai fahimci maganar na kusa da shi.

Jigon lafiya da yardar jama'a ma kayansa a shirye suke. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'o'in da suka biyo baya. Dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003, da dawo da ita a 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, har zuwa Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ɗalibin likitanci da ya bi waɗannan da malamin tarihi da na zamantakewa da na addini zai daina ɗaukar uwar da ta ƙi allura a matsayin jahila kawai, zai nemi sanin abin da ta ji da wanda ta ji daga bakinsa. Ana iya yin wani jigon a kan rubuce-rubucen ajami da tarihin karatu a ƙasar nan, wani a kan kasuwa da kuɗi da bashi, wani a kan labari da jita-jita a zamanin waya. Uku ko huɗu sun isa jami'a ɗaya.

Abin takaicin shi ne masana duk suna nan a jami'o'inmu, katanga ce kawai tsakaninsu da 'yan aji biyu. Bayero na da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa da Gidan Mambayya. Ahmadu Bello na da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta dabbobi a Shika, da Gidan Arewa a Kaduna. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato. Ɗalibi kan yi shekara huɗu yana wuce ƙofar irin waɗannan wurare bai taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba.

Za a ce NUC ta ɗaure hannun kowa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ma ta soki CCMAS a 2023, tana cewa hukumar ta shiga hurumin majalisar dattawan jami'a, kuma akwai gaskiya a sukar. Amma mu yi lissafi. Sabon tsarin ya ce kashi 70 cikin ɗari na manhaja daga NUC, kashi 30 kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da ita. Digirin shekara huɗu na buƙatar aƙalla yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), ke nan kusan yunit 36 na hannun jami'a. Kwasa-kwasan gama-gari na dole guda shida ne, huɗu na GST biyu na sana'a, kowanne yunit biyu. Ba mai ikon soke su, amma ba inda aka hana koyar da falsafa ko sasanta rikici ko sana'a da misalan jigo ɗaya, matuƙar an taɓo abin da hukumar ta zayyana. Sai a ciro yunit huɗu ko shida daga cikin 36 ɗin nan a ƙara kwas biyu ko uku na jigon. Abin da ya faru a zahiri shi ne an bar wa kowane sashe ya cike nasa kason, shi kuma, kamar yadda kowa zai zata, ya cike da ƙarin kwasa-kwasan kansa. Wannan shawara ce da aka yanke a cikin gida, a cikin gida kuma za a iya warware ta.

Suka mafi ƙarfi da na sani ita ce ta masu cewa ai manufar GST tun asali kowa ya san abu ɗaya, ɗan Kalaba da ɗan Katsina su fita da wani sani na tarayya a kan ƙasarsu. In aka raba su jigo-jigo, an sake tsattsaga su ke nan, kuma jami'ar arewa na iya ƙarewa tana koyar da arewa kaɗai. Na yarda da rabin wannan. Shi ya sa nake ganin a bar aji ɗaya yadda yake: Turancin sadarwa da al'ummomin Najeriya su zama na kowa da kowa, a gyara yadda ake koyar da su. Jigo ya fara daga aji biyu. Sannan kowane jigo a wajabta masa leƙa waje. Mai nazarin Komadugu Yobe ya karanta malalar mai a yankin Neja Delta da zaizayar ƙasa a kudu maso gabas. Ɗaya rabin kuwa ban yarda da shi ba, domin sanin tarayyar da ake tsoron rasawa yanzu ma babu shi. Abin da ɗalibai suka yi tarayya a kai shi ne takardar tambayoyin bara.

Sai maganar yawa. Raba mutum dubu biyar gida huɗu ya rage cunkoso, amma bai mayar da aji ya zama na mutum arba'in ba. Dole a samu ƙananan zama na tattaunawa, ko da sau ɗaya a mako biyu, kuma masu jan su suna nan: ɗaliban digiri na biyu da na uku. Sai dai a biya su, a kuma koya musu duba rubutu. A jami'o'i da yawa akwai kuɗin da ake karɓa da sunan waɗannan kwasa-kwasai, ko littafin da ake wajabta saye. A fara da tambayar inda wannan kuɗi ke tafiya. In har jarrabawar za ta ci gaba da zama danna A ko B daga farko har ƙarshe, gara a bar abin yadda yake, kada a wahalar da kowa da sabon suna.

Sabon sunan ne ma babban abin tsorona. Na san yadda kwamitocinmu ke aiki. Za a zauna, a ɗauko tsofaffin kwasa-kwasai a jera su ƙarƙashin wani kyakkyawan take, a buga a kundin jami'a, shi ke nan an yi jigo. Gwajin mai sauƙi ne: shin malaman jigon sun zauna tare kafin a fara zango? Shin kwas na uku na amfani da abin da ɗalibi ya rubuta a na biyu? In amsar a'a ce, jeka-na-yi-ka ne. Haka nan dole a hana ɗalibi zaɓen jigon da ke cikin gidansa. Mai karatun aikin gona ba zai ɗauki ruwa da ƙasa ba, ya tafi ajami ko kasuwa. In ba haka ba kowa zai gudu inda ya san zai ci maki cikin sauƙi, kuma ba zan zarge shi ba, tunda CGPA, wato matsakaicin makin digiri gaba ɗaya, ake tambaya a wajen neman aiki. Don haka ma ya kamata a rubuta jigon a takardar sakamako, mai ɗaukar aiki ya gani.

Sassan likitanci da injiniyanci da shari'a za su ce jadawalinsu ya cika maƙil, ga hukumomin sana'arsu na tsaye a kansu da nasu sharuɗɗan. Gaskiya ne, kuma da su za a fi shan fama. Ni da za a bi tawa, ba za a fara da tilasta wa kowa ba. Jami'a ɗaya ta buɗe jigo biyu ga 'yan aji biyu da suka sa kansu, mutum ɗari biyu ko uku, ta bi su har su fita, sannan ta kwatanta rubutunsu da na sauran. Daraktan sashen GST ne zai kai takardar gaban majalisar dattawa, kuma abin da zai fi wuyar samu a wannan zama shi ne awa biyu a mako da duk tsangayoyi za su yarda su bari fili a lokaci ɗaya. A wasu wuraren ma ko an samu awa biyun da saura. A Zariya masu karatun shari'a suna Kongo, injiniyoyi suna Samaru, manyan ɗaliban likitanci suna Shika. A Kano akwai tsohuwar haraba da sabuwa da asibitin Malam Aminu Kano. Kafin ɗalibar shari'a da ɗalibin likitanci su zauna a benci ɗaya, sai an sa kuɗin mota a cikin kasafin.